Na'ura Mai Zango: Darasin Kwamfuta Daga Babbar Kasuwar Katsina

A makon jiya mun ga yadda kwamfuta ke rubuta kowace lamba da 0 da 1 kawai. Yau kuma kasuwa za mu shiga. Kowa ya ɗauko biro da takarda, domin darasin yau na zane ne, wanda bai zana ba ba zai ji daɗinsa ba.

Ranar Asabar da ta wuce na shiga Babbar Kasuwa a nan Katsina yin cefane. Na tsaya wurin wani yaro mai POS a ƙarƙashin lema zan ciri kuɗi, sai na tarar da wani dattijo mai sayar da hatsi a gabana. So yake a tura wa ɗansa da ke karatu a Zariya katin waya na naira 1,000. Ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu ya karanto lambar, yaron ya danna. Kafin ƙiftawar ido waya ta ce lambar ba daidai ba ce.

"Baba, lamba goma ka ba ni, saura ɗaya," in ji yaron.

Dattijon ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! To ita wayar ta san ɗan nawa ne, da har za ta ce ba lambarsa ba ce?"

Ya sake karantowa, wannan karon lambobi 11 cif, kati ya tafi. Da ya kira ɗan nasa, sai yaron ya ce shi bai ga komai ba. Aka duba takarda aka duba waya, ashe wajen karantowa lambobi biyu sun yi musayar wuri. Naira 1,000 ta tafi wurin wani bawan Allah da ba wanda ya san shi.

"To yanzu kuma me ya hana ta magana?" in ji Baba.

Tambayoyi biyu ke nan. Yaya aka yi waya ta gane kuskuren farko nan take, kuma me ya sa ta kasa gane na biyu? Amsarsu tana cikin darasin da ɗaliban kimiyyar kwamfuta ke yi a jami'a, amma za ku ga bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Zango da kibiya

Kun san labarin fataken da, waɗanda ke tashi da jakuna daga Katsina da Kano su nufi Gwanja sayen goro. Tafiya ce ta watanni, daga wannan zango zuwa wancan. In ka tambayi madugu inda tafiya ta kai, ba zai lissafa maka takun jakuna ba. Sunan zangon da suka sauka zai faɗa maka, kuma wannan ya isa a san hanyar da za a kama gobe.

Masana kwamfuta suna da wata na'ura mai aiki kamar haka. Suna kiranta otomaton, jam'inta otomata, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke motsa kansa. Mu a nan bari mu kira ta na'ura mai zango. A takarda ake zana ta, daga baya a mayar da ita manhaja ko a gina ta cikin inji. Abubuwa biyar ne suka haɗa ta:

1. Haruffan da take karantawa.
2. Zanguna masu adadi sananne, kowanne a zana shi da da'ira.
3. Zangon farko, inda ake tashi.
4. Zangon karɓa, ɗaya ko fiye, wanda ake zana wa da'ira biyu.
5. Kibiyoyi, masu nuna inda za a je daga kowane zango in an karanta kowane harafi.

Dokar aikinta mai tsauri ce. Harafi ɗaya take karantawa a lokaci ɗaya, daga hagu zuwa dama. Ba ta komawa baya, ba ta rubuta komai, kuma ba ta tuna komai sai zangon da take tsaye a kai. In haruffa sun ƙare tana zangon karɓa, ta ce e. In ba haka ba, ta ce a'a.

Mu zana ta lambar waya. Lambobin salula da muka saba da su a Najeriya lambobi 11 ne, kuma suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091. Haruffanmu su ne 0 zuwa 9. Zangon farko mu sa masa suna zango na 0. In aka karanta 0, a tafi zango na 1. In wani abu ne daban, a faɗa rami. Rami shi ma zango ne, sai dai duk kibiyoyinsa cikinsa suke komawa, wanda ya faɗa ba ya fita. Daga zango na 1, lamba 7 tana kai mu zango na 2A, lamba 8 ko 9 tana kai mu zango na 2B, saura duk rami. A 2A, sifili kaɗai ke wucewa zango na 3. A 2B, 0 ko 1 ne ke wucewa. Daga zango na 3 kowace lamba tana matsar da mu gaba zango ɗaya, har zango na 11, wanda shi ne mai da'ira biyu. In aka ƙara lamba ta 12, rami.

Ga amsar tambayar Baba ta farko. Lambobinsa goma sun ƙare a zango na 10, wanda ba na karɓa ba ne, sai na'ura ta ce a'a. Ba ta bukatar sanin ɗansa.

Ku ƙirga da'irorin da kuka zana, za ku sami 14 har da rami. Lambobi nawa suke karɓa? Mafari biyar ne, kowanne yana biye da lambobi takwas, wato miliyan 100 ga kowane mafari. Jimilla miliyan 500. Da'ira 14 a rabin shafin littafinku tana yanke hukunci a kan lambobi miliyan 500, ba tare da an ajiye jerin sunayensu ba.

Me ake nufi da harshe a nan?

In an ce harshe, Hausa ko Fulatanci ko Larabci ke zuwa ranmu. Masana kwamfuta sun faɗaɗa kalmar. A wurinsu, in ka jera haruffa ɗaya bayan ɗaya ka sami jeri. Tarin duk jerin da wata doka ta yarda da su shi ne harshe, kuma suna kiransa harshen ƙa'ida. Ba ruwansa da ma'ana, siffa kawai yake dubawa. Lambobin waya miliyan 500 ɗin nan harshe ne. Lambobin NIN, masu lambobi 11, harshe ne. Ku 'yan aji shida kun san wani: kafin rajistar JAMB sai ka tura saƙo mai ɗauke da kalmar NIN, da tazara ɗaya, da lambobinka 11, zuwa 55019 ko 66019. In ka manne su ko ka ƙara wani abu, saƙon kuskure yakan dawo maka. Ka yi magana ne da harshen da na'urar ba ta ji.

Ga wani harshen da ake yi a kowace rumfa a kasuwa. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya, inda *310# ke nuna kuɗin da ke kan layi, *311* da lambar kati da # kuma ke sa kati. Siffarsu ɗaya ce: tauraro, sai lambobi, wataƙila wani tauraron da wasu lambobin, sannan alamar #. Zanguna huɗu da rami sun isa. Daga A, tauraro ya kai mu B. Daga B, lamba ta kai mu C. A zango C, lamba tana dawo da mu C ɗin dai, tauraro ya mayar da mu B, alamar # ta kai mu D, zangon karɓa.

Ku lura da kibiyar nan da ta fita daga C ta dawo C. Saboda ita, jerin na iya yin tsawon da ya ga dama, ko lambobi uku ko dubu uku. Harshen lambar waya yana da iyaka, wannan kuwa ba shi da ita, amma na'urarsa ta fi waccan ƙanƙanta. Duk harshen da na'ura mai zango za ta iya tantancewa, masana suna kiransa harshen regula.

Raba riba uku

'Yan uwa uku sun haɗa jari suna sayar da atamfa. Ribar wata ta kama naira 47,250. Za ta rabu uku daidai ba saura? Na'ura mai zango uku za ta faɗa mana. Zangunan su ne 0, 1 da 2, kowanne yana nufin abin da ya saura in an raba da 3. Zango na 0 shi ne na farko, shi ne kuma na karɓa. Dokar kibiya ita ce: haɗa lambar da ka karanta da lambar zangon da kake, ka raba da 3, abin da ya saura shi ne sabon zangonka.

Mu bi ta. Muna 0, muka karanta 4, saura 1. Muna 1, muka karanta 7, jimilla 8, saura 2. Muna 2, muka karanta 2, jimilla 4, saura 1. Muna 1, muka karanta 5, jimilla 6, saura 0. Muna 0, muka karanta 0, muna nan a 0. Na'ura ta ce e, kuma gaskiya ne, kowa zai tashi da naira 15,750. Dalilin da dabarar ke aiki shi ne 10 daidai take da 9 da 1, kuma 9 tana rabuwa da 3, don haka ninka lamba sau goma ba ya canza saura.

Na'urar nan ba ta taɓa riƙe 47,250 a kanta ba. Da ta karanta lamba sai ta manta da ita, saura kaɗai take tafiya da shi. Ko lamba mai tsawon shafin jaridar nan aka ba ta, zango ukun nan sun ishe ta. Gwanintar zana irin wannan na'ura ita ce gano ɗan abin da ya wajaba a tuna, a watsar da sauran.

Bankuna suna amfani da irin wannan dabara. A tsarin da Babban Bankin Najeriya ya shimfiɗa, lambar asusu lambobi 10 ce, kuma ta ƙarshen mai gadi ce. Ana samo ta ne daga lissafin sauran tara da lambar bankin, ta hanyar duba saura in an raba da 10. In ka kuskure lamba ɗaya, lissafin ba zai fita ba. Lambar waya ba ta da irin wannan mai gadi.

Hausa ma tana da na'urarta

Malaman Hausa sun koya muku cewa gaɓar kalma iri uku ce: baƙi da wasali kamar "ci", baƙi da wasali mai tsawo ko tagwan wasali kamar "kai", da baƙi da wasali da baƙi kamar "nan". Mu sa B a madadin baƙi, W a madadin wasali, mu sami BW, BWW da BWB. Ku tuna cewa ts, sh, ky, gw, ƙw da irinsu baƙi ɗaya ne, kuma kalmomi kamar "ido" da "aiki" suna farawa da hamza wadda ba a rubutawa, ita ma baƙi ce.

Ga na'urar:

Zango na 0, na farko: B ya kai 1, W rami.
Zango na 1: W ya kai 2, B rami.
Zango na 2, na karɓa: W ya kai 3, B ya kai 4.
Zango na 3, na karɓa: B ya kai 1, W rami.
Zango na 4, na karɓa: W ya kai 2, B ya kai 1.

Mu gwada "Katsina". K, a, ts, i, n, a: 1, 2, 4, 2, 4, 2. An karɓa. "Littafi": 1, 2, 4, 1, 2, 4, 2. An karɓa.

Yanzu ku zagaya kasuwa ku saurara. Kalmar Turanci da muka aro muka mayar burodi tana farawa da baƙaƙe biyu a jere, b da r. A na'urarmu, B ya kai 1, B na biyu rami. Bakin Bahaushe ya ƙi ta, sai ya cusa wasali tsakaninsu. Haka aka yi wa fulawa, da sikeli, da tirela, da burki, da gilashi, da firamare. Ta sukudireba ma baƙaƙe uku ne a gabanta. Kakanninmu da suka gyara waɗannan kalmomi ba su zana da'ira ko ɗaya ba, amma dokar da suka bi ita ce wannan.

Ga wani abin da ya fi wannan ban sha'awa. Muna cewa "raina ya ɓaci", amma muna cewa "ranka ya daɗe". Muna cewa "kaina" amma "kanka". Ina wasalin i ya tafi? Ku bi na'ura. R, a, i, n, a: 1, 2, 3, 1, 2, an karɓa. Da a ce "rainka" ne: 1, 2, 3, 1, sai k ya jefa mu rami. Hausa ba ta yarda da gaɓar BWWB ba, sai ta zubar da wasali ɗaya ta sami "ranka": 1, 2, 4, 1, 2. Dalilin ke nan da muke sayen man gyaɗa, alhali kalmar "mai" ce.

Amma ku gwada "fakuzu". Na'ura za ta karɓa da gudu, ga shi kuwa ba kalmar Hausa ba ce, yanzu na ƙirƙiro ta. Ta cika siffa, ba ta da ma'ana. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Tirela ta kawo buhunan masara daga Dandume, 'yan dako suna shigar da su sito. Bayan kwana biyu aka zo kwashewa. Mai kaya yana son tabbatar da cewa adadin da ya fita daidai yake da wanda ya shiga. Mu sa S ga kowane buhun da ya shiga, F ga wanda ya fita. SSFF daidai ne, SSSFF akwai matsala. Harshenmu shi ne wasu S a jere, sai F daidai yawansu.

In sito buhu 100 kawai yake ci, za mu iya zana zanguna masu yawa su wadatar. Amma in ba a sa iyaka ga yawan buhuna ba, babu na'ura mai zango da za ta iya wannan aiki, komai girmanta. Wannan magana ce da aka tabbatar da hujja, kuma hujjar ba ta da tsawo.

Mai kiwon tantabara ya san cewa in tantabaru 11 suka shiga tukwane 10, dole wata tukunya ta ɗauki biyu. A ce wani ya kawo na'ura mai zango 10 ya ce tana iya aikin. Mu duba inda take tsaye kafin buhu ya shiga, da bayan buhu 1, da bayan 2, har bayan 10. Lokuta 11 ke nan, zanguna kuwa 10. Dole biyu daga ciki su faɗa zango ɗaya. A ce bayan buhu 3 da bayan buhu 7 ne. To daga wannan zango mu ba ta F guda uku. In buhu 3 suka shiga, ya kamata ta ce e. In 7 ne, ya kamata ta ce a'a. Amma ita ba ta tuna komai sai zango, kuma zangon ɗaya ne, don haka amsa ɗaya za ta bayar. Dole ta yi kuskure a ɗayansu. In ya kawo mai zango dubu, mu kawo buhu dubu, hujjar tana nan.

Mai sito mai dabara zai ajiye kwano, ya jefa tsakuwa ɗaya in buhu ya shiga, ya cire ɗaya in ya fita. In kwano ya koma wayam daidai lokacin da kaya suka ƙare, lissafi ya cika. Masana ma haka suka yi. Sun ƙara wa na'urar wurin tara alamomi ɗaya kan ɗaya, kamar kwanukan da aka jibga, na sama ake fara ɗauka. Wannan na'ura mai tari ita ce ke duba ko kowace baka da ka buɗe a lissafi ka rufe ta, ita ce kuma ke warware tsarin manhajar da masu shirya kwamfuta ke rubutawa.

Harshen ɗan Adam ma yana da irin wannan buɗewa da rufewa. Ku karanta: "Yaron da matar da ɗan dakon ya taimaka wa ta aika ya dawo." An buɗe yaro, an buɗe mata, an buɗe ɗan dako, sannan aka rufe su daga na ƙarshe zuwa na farko: ya taimaka, ta aika, ya dawo. Shi ya sa na'ura mai zango ke iya gaɓar kalmar Hausa amma ba ta isa ta riƙe dukkan jimlolinta ba.

Su wane ne suka gano wannan?

A 1936 wani matashi ɗan Ingila, Alan Turing, ya zana na'urar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, mai karatu da rubutu da komawa baya a kan doguwar takarda. A lokacin ba a ƙera kwamfutar lantarki irin ta yau ba. A 1943 Warren McCulloch da Walter Pitts a Amurka suka bayyana aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lissafi. Daga aikinsu Stephen Kleene ya fitar da ka'idar na'ura mai zango a 1951, aka buga ta a 1956. Shi ne ya ƙirƙiro gajeriyar hanyar rubuta harsunan regula, inda alamar tauraro ke nufin a maimaita abu sau nawa aka ga dama, ko ma kada a kawo shi sam. A 1956 ɗin dai masanin harshe Noam Chomsky ya nuna cewa na'ura mai zango ba ta isa ta bayyana nahawun Turanci ba, ya kuma jera nau'o'in nahawu hawa-hawa bisa ƙarfinsu. A 1959 Michael Rabin da Dana Scott suka tabbatar da cewa ko an bar na'urar ta riƙa zaɓi tsakanin kibiyoyi da dama, harsunan da za ta iya tantancewa ba su ƙaru ba. Aikin ya ba su lambar yabo ta Turing a 1976. A 1968 Ken Thompson ya nuna yadda za a yi amfani da dabarar Kleene wajen neman kalma cikin rubutu a kwamfuta, kuma har gobe masu shirya manhaja suna amfani da ita.

Yawancin wannan aiki da biro da takarda aka yi shi. Katsina ma ba baƙuwa ba ce a irin wannan fage. Malam Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda jimillar kowane layi za ta zo ɗaya. Shi ma dokoki ya shimfiɗa, mataki bayan mataki. Don haka ɗalibin da makarantarsu ba ta da ɗakin kwamfuta, ko take da shi amma ba wuta, kada ya ce an bar shi a baya a wannan darasi.

Mu koma wurin Baba

Yanzu kun san amsar tambayarsa ta biyu. Lambar da lambobinta biyu suka yi musayar wuri tana da lambobi 11, ta fara da mafari mai kyau, ta ƙare a zango na 11. Ita ce "fakuzu" ta lambobin waya. Na'ura ta yi aikinta daidai, domin siffa aka sa ta dubawa. Sanin ko ta ɗan Baba ce aikin mutum ne.

Wannan ya shafe ku kai tsaye. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa a kasuwanninmu ya koma ta waya, kuma da yawanku ku ne ke danna wa iyaye da kakanni. In za ku tura kati, ku sake karanta lambar daga farko zuwa ƙarshe tare da mai ita. In kuɗi ne zuwa asusu, ku karanta sunan da ya fito da ƙarfi kafin ku sa lambar sirri. In kuna tsaron shago wani ya nuna muku saƙon cewa ya turo kuɗi, ku tuna saƙon bogi ma yana iya cika siffa tsaf. Ku duba asusunku da kanku kafin kaya su bar rumfa.

Baba dai ya sake ciro wata naira 1,000. Wannan karon yaron ya karanta masa lambar sau biyu, yana bi da yatsa a kan takarda, kafin ya danna.

Gwada basirarka

1. Zana na'ura mai zango biyu kacal wadda ke karɓar lamba in tana rabuwa da 5. Me take bukatar tunawa?
2. Lambar *#06# tana nuna lambar shaidar wayarka, amma na'urarmu ta A zuwa D za ta jefa ta rami. A wane harafi za ta faɗa? Ƙara kibiya ɗaya ko zango ɗaya don ta karɓe ta.
3. Bi da waɗannan kalmomi ta na'urar gaɓar Hausa, ka rubuta zangunan da kowace ta ratsa: makaranta, ƙwallo, sarauniya. Sannan ka nemo kalmomin aro uku, ban da waɗanda muka kawo, da Hausa ta cusa wa wasali.

Ku aiko da amsoshinku tare da zanen, da sunan makarantarku da ajinku. A mako mai zuwa za mu kawo amsa, sannan mu buɗe na'urar Turing mu ga tambayar da ita ma ta gagare ta. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.